Ƙwaƙwalwa, Laka da Homon: Amsoshin Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Sakkwato

Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a nan cikin garin Sakkwato. Duk shekara idan muka iso babin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, tambayoyi sukan fi ƙarfin minti 40 ɗin darasi. Wasu ma ba na yaran ba ne, aiko su aka yi daga gida: "Malam, inna ta ce a tambaye ka, mi ka kawo maƙoƙo?" Sauran kuma a majalisarmu ta bayan la'asar na tsince su. Ni ba likita ba ne, alli ne sana'ata. Abin da zan iya shi ne in nuna yadda injin yake tafiya, gyara kuwa sai asibiti.

Wace jijiya ake nufi, ta jini ko wata daban?

Daga nan rikicin yake farawa, domin Bahaushe ya haɗa abubuwa 3 ya raɗa musu suna ɗaya. Akwai jijiyar jini, wadda nas take lalube a hannu idan za a ƙara wa mutum ruwa. Akwai agara da 'yan uwanta masu ɗaure tsoka da ƙashi, waɗanda ke gagarar haƙori a cikin nama. Sai ta uku, farin zare wanda ba ya ɗaukar jini kuma ba ya ɗaure komai, aikinsa kai saƙo da kawo saƙo. Ita nake nufi, kuma zan riƙa kiranta jijiyar saƙo.

Fadar waɗannan jijiyoyi ita ce ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta wuce kilo 1.4 ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma ita kaɗai take cinye wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Laka kuwa, duk wanda ya taɓa sara ƙashin bayan ragon layya ya gan ta: farar igiyar nan mai laushi da ta ratsa tsakiyar ƙashin, wadda yara ke rige-rigen tsotsewa. Daban take da ɓargo. A jikin mutum tsawonta kamar santimita 45 ne. Jijiyoyi 12 a kowane gefe suna fita daga ƙwaƙwalwa zuwa ido, kunne, hanci, harshe da sauransu, wasu 31 a kowane gefe kuma suna fita daga laka, suna ta yin rassa har ƙarshen ɗan yatsan ƙafa. Wanda ya fara cewa wane "ba shi da laka a jiki" ya san abin da yake faɗa.

Da gaske akwai lantarki a jikin mutum?

Akwai. Masuntan gulbin Rima ba sa musun wannan, domin sun san minjirya, kifin da in ka kama shi hannunka zai sage har kafaɗa. Babbar minjirya tana iya sakin wutar da ta haura bolt 300. Namu lantarkin ƙarami ne ƙwarai: kowace ƙwayar jijiya tana tara sinadarin sodiyam a waje, fotasiyam a ciki, sai a samu bambancin da bai wuce kashi 1 cikin 20 na ƙarfin batirin tocila ba. Da an taɓa jijiyar, wasu 'yan ƙofofi su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, wannan ya sa ƙofofin gaba su ma su buɗe, haka abin zai yi ta bi kamar wuta ta kama busasshiyar ciyawa a hunturu.

Wasu jijiyoyin suna sanye da rigar kitse, kamar robar da ke jikin wayar wuta, kuma a cikinsu saƙo yana gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa ɗaya, fiye da tsawon filin ƙwallo ke nan. Marasa rigar kuwa da ƙyar suke yin mita 1 ko 2. Ka lura da ranar da ka yi tuntuɓe da dutse: da farko za ka ji tsinin bugun, ka ce wayyo, sai bayan ɗan numfashi raɗaɗin nan mai nauyi ya iso. Saƙo biyu ne suka taso tare, ɗaya a mota, ɗaya a kan jaki.

Wani abin kuma, jijiya ba ta manne da ta gabanta ba. Akwai ɗan rata tsakaninsu, kuma lantarki ba ya tsallake shi. Idan saƙo ya iso bakin gaɓa, jijiyar takan fesa sinadari, shi ne ɗan fiton da zai haye da saƙon. Wani masani, Otto Loewi, ya tabbatar da haka a 1921 da zuciyar kwaɗi guda 2. Ya tsokani jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, sai ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma nan take ta rage gudu, alhali ba a taɓa jijiyarta ba. A wannan mafitar ce yawancin magungunan barci, na kashe zafi da kayan maye suke yin aikinsu.

Me ya sa nake janye hannu daga tukunya mai zafi kafin in ji zafin?

Saboda laka ba ta jiran izinin ƙwaƙwalwa a irin wannan. Saƙon zafi yana isa laka, ita kuma ta umarci tsoka ta janye, sannan labari ya haura sama. Kamar mai unguwa ne ya ga gobara: a fara kashewa, a sanar da hakimi daga baya. Irin wannan hanyar likita yake gwadawa idan ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwarka da 'yar gudumar roba.

To mene ne homon, kuma ina bambancinsa da jijiya?

Jijiya kiran waya ce: mutum ɗaya ake nema, nan take ya ɗauka, a gama magana a kashe. Homon kuwa sanarwa ce a gidan rediyon Rima. Kowa a gari zai ji an karanta cigiya ko gayyatar ɗaurin aure, amma wanda abin ya shafa ne kawai zai miƙe ya sa takalmi. Homon sinadari ne da wasu ƙananan gaɓoɓi da ake kira gilan suke zubawa cikin jini, jini ya zaga da shi ko'ina, amma sai ƙwayar halittar da ke da makarɓinsa take amsawa. Aikinsa ba ya da gaggawar jijiya, sai dai yana daɗewa: wani minti kaɗan, wani kwanaki, wani kuma shekaru, kamar wanda ke mayar da yaro saurayi, murya ta buɗe, gemu ya tsiro.

Kada a rikita gilan da kaluluwa, ita aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta ne. Manyan gilan su ne fituwitari a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, tayirod a gaban wuya, adirinal guda 2 da ke zaune a kan ƙoda kamar hula, fankiriyas da ke kwance a bayan tumbi, sai 'ya'yan maraina ga maza da ma'ajiyar ƙwai ga mata. Ilimin ba tsoho ba ne sosai. A 1902 ne Bayliss da Starling suka gano homon na farko a Landan, sunan kansa kuwa sai 1905 aka fara amfani da shi.

Ranar azumi a zafin Afrilu, me ke hana mutum bushewa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin a nan ake ganin tsarin biyu suna aiki hannu da hannu. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani yanki da bai fi ƙwallon dabino girma ba, sunansa haifotalamus. Shi ne ke ɗanɗana jini dare da rana: zafinsa, kaurinsa, gishirinsa. A ƙasansa fituwitari take rataye, ita kuma kamar ƙwayar wake.

Ɗauki mai tura kurar ruwa a Mabera da ƙarfe 2 na rana, zafi ya haura digiri 40, rabonsa da ruwa tun sahur. Jikinsa dole ya tsaya kusa da digiri 37. Haifotalamus zai aika ta jijiya a buɗe gumi, a kuma faɗaɗa jijiyoyin jinin fata don zafi ya fita. Amma gumi ruwa ne, jini ya fara kauri ke nan. Sai ya sa fituwitari ta saki wani homon da ke ce wa ƙoda ta riƙe ruwa. Ƙoda tana tace kusan lita 180 a kowace rana, kusan duro guda, amma sai ta mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita fitsari bai fi lita 1 da rabi ba. Ranar azumi ma ya ragu, ya yi ja, ya yi ƙarfi. Da an sha ruwa, jini ya saki, a rage homon ɗin, fitsari ya koma fari. Haka mai ban-ruwan albasa yake yi a fadamar Kwalkwalawa: ya buɗe wa fangali ruwa, da ya cika ya toshe da ƙasa. Kusan duk homon a kan wannan ƙa'ida yake tafiya, abin da aka nema idan ya samu, shi ne zai rufe ƙofar.

Dabarar tana da iyaka. Idan mutum a cikin rana ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. Wannan ya wuce wahalar azumi.

Me ke faruwa idan gaban mutum ya faɗi?

Kana kan kabu-kabu a shataletalen Gawon Nama, sai ga tirela ta yanko ba ko hon. Kafin ka gama salati an riga an yi abubuwa da yawa a jikinka ba da saninka ba. Wani rukunin jijiyoyi da ba ya ƙarƙashin ikonka ya ɗaga bugun zuciya, ya buɗe hanyoyin numfashi, ya janye jini daga hanji zuwa tsoka, ya kuma umarci adirinal ta zuba adirenalin cikin jini. Hanta ta saki suga. Duk shirin gudu ne ko kokawa.

Ina gaya wa ɗalibaina cewa kakanninmu sun riga littafi lissafa alamomin. Gaba ya faɗi, yawu ya ƙafe, tsikar jiki ta tashi, ciki ya ɗuri ruwa, jiki ya ɗau ɓari. Kowace ɗaya aikin wannan rukuni ce. Tirela ta wuce amma hannunka na ta rawa har ka isa gida, saboda jijiya ta kashe wayarta tuni, homon kuwa yana nan yana zagaye a jini.

Akwai rukuni na biyu mai kwantarwa, shi ke rage bugun zuciya ya tura jini hanji. Kasalar da ke saukar wa mutum bayan ya shafe malmalar tuwo aikinsa ce.

Matsala tana zuwa idan tsoro ya ƙi ƙarewa. Adirinal tana da wani homon, kotisol, wanda ke riƙe jiki cikin shiri na tsawon lokaci. Watanni a haka suna hana barci, su ɗaga jini da suga. Na koyar da yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan gabashin jihar nan saboda 'yan bindiga. Akwai wanda in babur ya wuce da ƙarfi a bayan taga sai ka ga biro ya faɗi daga hannunsa. Ba raki ba ne, kuma duka ba ya gyara shi. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da hanyar taimaka wa irinsu.

Zuciya ce ke tunani ko ƙwaƙwalwa?

Abin da nassi yake nufi da zuciya na bar wa malamai, fagensu ne. Abin da asibiti ya gani shi ne, tun da aka fara dashen zuciya a 1967 a Afirka ta Kudu, wanda aka sa wa zuciyar wani yakan farka da sunansa, da harshensa, da haddarsa. Wanda kuwa ya bugu a ka yana iya manta 'ya'yansa alhali zuciyarsa lafiya lau. Muna jin baƙin ciki a ƙirji ne saboda jijiyoyin nan masu ɗaga bugun zuciya can suke sauke saƙonsu.

Mi ka kawo maƙoƙo?

Ga amsar inna. Tayirod tana gaban maƙogwaro, siffarta kamar malam-buɗe-littafi, kuma homon ɗinta ne ke saita saurin da jiki ke ƙona abinci. Ba ta iya haɗa shi sai da sinadarin aidin. Abin da ake buƙata ɗan mitsitsi ne, na duk tsawon rayuwa bai fi cokalin shayi ba, amma in babu shi fituwitari za ta yi ta matsa wa tayirod lamba, ita kuma ta yi ta girma don ta kamo ɗan abin da ya samu. Kumburin ke nan. Saboda haka ne Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci tun 1993. Gishirin da aka shanya a faranti cikin rana a kasuwa, ko aka bari a buɗe kusa da murhu, aidin ɗinsa yana raguwa. A sayi na cikin leda, a rufe shi. Mai ciki ta fi kowa buƙata, domin ƙwaƙwalwar ɗan tayi da wannan homon take ginuwa.

Ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba. Wata tayirod ɗin yawan aiki take yi: mace na ci tana ramewa, zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa, ido ya firfito, ga saurin fushi har a ce kishi ne ko iska. Wata kuma ragwanci take yi: mutum ya yi nauyi, fata ta bushe, ya riƙa jin sanyi a garin da kowa ke neman inuwa. Gwajin jini ne ke rarrabe su. Abu ɗaya da nake roƙo, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Wurin cike yake da jijiyoyin jini, ga jijiyar murya a bayansa.

Ciwon suga fa? Mai shi zai iya azumi?

Fankiriyas tana da homon 2 masu jan igiya. Insulin yana buɗe wa suga ƙofa ya shiga tsoka da hanta bayan an ci abinci. Gulukagon kuma yana fito da ajiyar hanta idan an daɗe ba a ci ba, shi ya sa mai lafiya yake kai magariba da ƙafarsa. Ciwon suga shi ne insulin ya ƙare, ko yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa. Suga ya taru a jini, ya tsiyaya cikin fitsari yana jan ruwa, sai yawan fitsari, ƙishirwa da rama. Idan gwajin safe kafin a karya ya kai 126 a ma'aunin miligiram, aka maimaita ya sake kaiwa, ciwon ya tabbata. Kafin Banting da Best su tato insulin a Toronto a 1921, yaron da ya kamu da nau'in da insulin ke ƙarewa ba ya daɗewa.

Batun azumi, wasu suna iyawa, wasu haɗari ne gare su, kuma likita ne zai faɗa, tun kafin Ramadan, domin sau da yawa sai an sauya lokacin magani da yawansa. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce a karya idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. Gumi mai sanyi, rawar jiki da ruɗewa alamun ya faɗi ne, a ba mutum abu mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya.

Inda ciwon ya haɗu da jijiya shi ne ƙafa. Shekaru na yawan suga suna cinye jijiyoyin saƙo, kuma mafi tsawo suke fara lalacewa. Wani dattijo a unguwarmu ya yini da ƙusa a cikin takalminsa, ya je kasuwa ya dawo, sai da ya zo alwalar magariba jikansa ya ce, "Baba, jini a ƙafarka." Bai ji komai ba. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, ya zazzage takalmi kafin ya sa, kada ya taka dandaɓen masallaci da rana ba takalmi, kada kuma ya kara ƙafa da kaskon wuta a hunturu.

Farfaɗiya iska ce? Ana ɗauka ta yawu?

Ba a ɗauka, ko ta yawu, ko ta numfashi, ko ta tsallake wurin da mutum ya faɗi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke sakin lantarkinsu gaba ɗaya a lokaci guda maimakon bi da bi. Abin da ke jawo ta ya haɗa da wahalar haihuwa, buguwa a ka, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, wani lokaci kuma gado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ita, kuma kusan 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suka riƙe shi.

Wata shekara wata yarinya ta faɗi ina tsakiyar darasi. Kafin in juyo aji ya watse, wasu ta taga. Wata ta dawo da cokali, wata da ruwa a buta. Na hana su. Na janye benci, na naɗe hulata na tura ƙarƙashin kanta, na duba agogo. Minti 2 abin ya lafa, na juya ta ta kwanta a gefe, yawun ya zubo. Abin da ake yi ke nan. Ba a danne mutum, ba a cusa masa cokali, domin ba ya haɗiye harshensa, haƙori kawai za a karya. Ba a ɗura masa ruwa, ba a yi masa hayaƙi, ba a kai ƙafarsa wuta. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, ko mai ciki ce, asibiti kai tsaye.

Washegari kakarta ta zo. "Malam, wagga cuta ba ta asibiti ba ta." Na ce, "Inna, a ci gaba da addu'a, ba wanda ya hana, amma a haɗa da likita." Ban ga inda biyun suka yi karo ba. Ibnul Ƙayyim da kansa ya kasa farfaɗiya gida biyu, ya ce akwai wadda daga jiki take, wadda likitoci ke magana a kanta. Kuma a garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ya rubuta littattafai kan maganin basir da ciwon ido, neman magani ba baƙon abu ba ne. Yarinyar ta gama makaranta tare da 'yan ajinsu.

Me ya sa shanyewar ɓarin jiki take kama gefe ɗaya?

Domin jijiyoyin motsi suna gicciye a gindin ƙwaƙwalwa: ɓangaren hagu ke tafiyar da dama, na dama ke tafiyar da hagu. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a gefe ɗaya, ɗaya gefen jikin ne zai saki. Cibiyar magana a yawancin mutane tana hagu, shi ya sa wanda damansa ya shanye sau da yawa har magana take ɗaukewa. Babban mai jawo ta hawan jini ne, wanda ba ya ciwo ba ya sallama. Awo na 140 bisa 90 ko sama, in ya nace, magani yake so, kuma ba a daina sha don an ji sauƙi.

Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe: a tafi a lokacin, kada a ce bari gari ya waye. Maganin narkar da gudan jini yana da amfani ne cikin awa 4 da rabi na farko. Kada a ba shi ruwa ko rubutu ya sha, domin haɗiya ma takan lalace ya shaƙe. Kada kuma a ba shi asfirin kafin a ɗauki hoton kai, in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi.

Sanƙarau, shan-inna da kuturta duk ciwon jijiya ne?

Duka ukun, amma kowanne da inda yake kamawa. Sanƙarau kumburin rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ne. Sakkwato tana cikin zirin da ya taso daga Senegal zuwa Habasha inda yake ɓarkewa daga hunturu zuwa bazara, lokacin da ƙura ta busar da hanci, mutane kuma suka cunkushe a ɗaki. A 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, a 2017 ma ya yi ɓarna a Zamfara da nan. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i 5 a lokaci ɗaya. Zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, ba a kwana da su a gida. Yana iya kisa cikin awa 24, wanda ya tsira a makare kuma yakan rasa ji.

Shan-inna tana kashe ƙwayoyin motsi a cikin laka, ƙafa ta shanye amma tana jin taɓi. An ga na ƙarshen nau'inta na asali a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da shi a 2020, kuma ɗigon rigakafi ne ya yi wannan aiki. Kuturta akasin haka take: ji take fara ɗaukewa. Ba cutar ce ke cinye yatsu kai tsaye ba, ƙuna da rauni ne da mutum ba ya ji suke ta maimaituwa. Maganinta kyauta ne, wata 6 zuwa 12, kuma mutanen nan sun san Amanawa, inda asibitin kutare yake.

Jijiya in ta tsinke tana tohowa?

Ta hannu da ƙafa tana iyawa, a hankali, kamar milimita 1 a rana. Laka da ƙwaƙwalwa kuwa ba su cika mayar da abin da suka rasa ba, sai dai sassan da suka rage su koyi aikin, wanda shi ne amfanin gashi da motsa jiki a asibiti. Saboda haka wanda ya yi haɗari yana kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi a cusa a Keke Napep. A shimfiɗa shi a kan abu mai tauri, ko da ƙyauren ƙofa ne, wani ya riƙe kan kada ya juya. Sannan allurar ɗuwawu: babbar jijiyar ƙafa, mai kaurin yatsa, ta nan ta bi. Na san yaron da ke jan ƙafa har yau saboda allurar zazzaɓi da aka yi masa a wani kemis.

Mene ne illar sha-ka-fashe da man bilicin?

Da yawa daga cikin ƙwayoyin ƙiba da ake sayar wa 'yan mata kafin biki suna ɗauke da deksametazon, ɗan uwan kotisol na kanti. Wasu mayukan bilicin ma akwai irinsa a ciki, kuma yana ratsa fata ya shiga jini. Ƙibar da yake kawowa ta fuska ce da ciki da doron wuya, ƙafafu kuwa su sirance, fata ta yi nankarwa, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni. Ka tuna mai ban-ruwa: jiki ya ga fangali a cike, sai adirinal ta daina aiki ta kwanta. Ranar da aka daina sha kwatsam, babu na kanti babu na gida, jini ya faɗi, mutum na iya mutuwa. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke da kanta, likita ne zai riƙa rage mata kaɗan-kaɗan.

Goro da shayi fa, da su tiramadol?

Muddin kana farke, wani sinadari yana taruwa a ƙwaƙwalwa yana ce mata ta gaji. Sinadarin "kafin" da ke cikin goro da shayi yana zama a kujerarsa ne ya hana a ji shi. Gajiyar na nan, an dai toshe mata baki. Bayan awa 5 rabinsa bai bar jini ba, don haka wanda ya zauna teburin mai shayi bayan isha'i kada ya zargi sauro shi kaɗai.

Tiramadol da kodin wani babi ne. Suna sa a saki dofamin, sinadarin da ke ce wa ƙwaƙwalwa "wannan abu a sake". Ƙwaƙwalwa kuma sai ta rage makarɓanta, ƙwaya 1 ta koma 2, ta koma 5, har mutum ya riƙa sha don kawai ya iya tashi. Tiramadol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma iya tsayar da numfashi. A 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin.

Matata ta haihu, ta zubar da jini sosai, nono bai zo ba. Akwai alaƙa?

Tana yiwuwa. Fituwitari ce ke sakin furolaktin mai haɗa nono da oksitosin mai tunkuɗo shi, wanda ke sa mai jego ta ji rigarta ta jiƙe da ta ji kukan jariri. Lokacin ciki fituwitari takan ƙara girma, ta buƙaci jini mai yawa. Idan aka zubar da jini har awo ya faɗi ƙasa, wani sashenta na iya mutuwa. Likita Harold Sheehan ya bayyana wannan a 1937. Alamominsa su ne nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata ya zube, ga kasala da jin sanyi da ke ƙaruwa shekara da shekaru, har dangin miji su fara cewa lalaci ne. Ana gane shi da gwajin jini, ana kuma mayar da homon ɗin da ya ɓace da ƙwayoyi. Yawancin rashin nono ba wannan ne sanadinsa ba, amma in an yi zubar jini mai yawa, a faɗa wa likita da baki, ko da shekara 5 ta wuce.

Ina za mu je, kuma me za mu riƙa?

A fara da asibitin da ya fi kusa, su za su tura gaba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da likitocin jijiya da na homon, da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne, ana duba farfaɗiya, rashin barci, damuwa da shaye-shaye. A zuba duk magungunan da mutum ke sha a leda a tafi da su, har na gargajiya da man shafawa. A tafi da wanda ya ga abin da idonsa, domin mai farfaɗiya ba ya tuna faɗuwarsa. In akwai mai waya a kusa lokacin da abin ya taso, bayan an gyara wa marar lafiya kwanciya, ya ɗauki bidiyo ko na rabin minti ne ya nuna wa likita.